Agogunan dashbod bayan sauya injin motar daji: wace hanya ce ta fi dacewa da motarka?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji ranar da aka tayar da sabon inji a cikin tsohuwar Land Cruiser ko Hilux ya san yadda murna take rufe ido. Inji ya kama, hayaƙi ya daidaita, bakanike yana goge hannu, mai mota kuma ya ƙagu ya fita gwaji. Idan aka leƙa dashbod sai a tarar allurar tamfareca tana kwance, fitilar baƙin mai ko dai ta ƙi mutuwa ko kuma ba ta kamawa sam, agogon juyin inji kuwa yana nuna abin da ya ga dama. A nan ne akan ce aikin mai wayarin ne, za a yi daga baya. Motar da ba ta wuce cikin gari tana iya jure wannan jinkiri na ɗan lokaci, amma motar da za ta bi rairayi tsakanin Agadas da Dirku, ko ta kutsa taɓon hanyar gona da damina tana kan giyar taimako, ba ta da wani mai gargaɗi sai waɗannan allurai, kuma tafiya guda ta isa ta ƙone injin da aka kashe dukiya a kansa.

Kafin a kwatanta hanyoyin gyara, akwai abu ɗaya da ya kamata mai mota ya fahimta, domin duk sauran bayanin a kansa ya ratayu. Agogon da ke dashbod da sensar da ke jikin inji an yi su ne don juna, tamkar makulli da kwaɗonsa. Sensar tamfareca ba ta faɗin zafi da lamba. Abin da take yi shi ne rage tsaurin da take yi wa wuta gwargwadon yadda ruwa ke ƙara zafi, agogon kuma an daidaita shi ne a kan wannan ma'auni na sensarsa kaɗai. Idan aka jona shi da sensar wani inji, allura za ta motsa, amma motsin ba gaskiya ba ne, kuma allurar da ke ƙarya ta fi wadda ta mutu haɗari, saboda wadda ta mutu aƙalla tana sa direba ya riƙa tsayawa yana duba lagireto.

Agoguna biyu ba su cika shiga wannan matsala ba. Na man tanki yana karɓar bayani ne daga cikin tanki, don haka in ba a taɓa tankin ba zai ci gaba da aikinsa. Maleji kuma daga giyabos ko akwatin taimako yake samun juyinsa, ta kebur a tsofaffin motoci, ta sensa a sababbi. Idan an bar giyabos na asali, maleji bai san an sauya inji ba. Abin da ke ɓata shi shi ne sauya giyabos ko girman taya: wanda ya tashi daga taya mai inci 31 zuwa mai inci 33 zai ga maleji yana nuna kusan 94 alhali motar tana gudun kilomita 100 a awa. Saura kuwa, wato tamfareca, matsin baƙin mai, juyin inji da fitilar caji, su ne inda aikin yake, kuma hanyoyi huɗu ake bi a kansu.

Hanya ta farko ita ce a bar dashbod na asali yadda yake, a ciro sensocin tsohon injin a ɗaura su a jikin sabon. Wannan ita ce mafi arha, kuma a ganina ita ce ya kamata a fara tunani a kai duk lokacin da motar tsohuwa ce mai agogunan da kowanne ke da wayarsa. Agogo ya ci gaba da magana da sensar da ya sani, ba a yanke wayarin cikin mota ba, kuma duk mai wayarin da ya duba motar a wani gari zai gane abin da yake gani. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma shi ne mutane suka fi sakaci da shi: dole a cire sensocin kafin tsohon injin ya bar gareji. Sau da yawa akan yi musayar tsohon inji da dillali a rage kuɗin sabon, ya tafi da sensar tamfareca da ta baƙin mai da soket ɗinsu, daga baya a koma Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ana laluben ƙaramin ƙarfen da bai kai tsawon yatsa ba, ba tare da tabbacin cewa wanda aka samo shi ne ya dace da agogon ba.

Wahalar wannan hanya tana cikin zare da wurin ɗaurawa. Ramin sensar baƙin mai a injinan Toyota yana da zare irin na Ingila, mai layi 28 a kowane inci, alhali kayan da ake yi don kasuwar Amurka masu kama da shi layi 27 ne. Ido ba ya bambance su, kuma sensar za ta shiga juyi biyu ko uku kafin ta ci tura. Wanda ya matsa da sifana zai cinye zaren, ya bar ɗigon mai da ba ya ƙarewa. Maganinsa ƙaramin mahaɗi ne na tagulla mai zare iri biyu, wanda mai injin sassaƙa ƙarfe zai iya fitarwa idan ba a samu na saye ba. Amma mahaɗin yana da nasa aibin a ɓangaren ruwa: idan ya yi tsawo har bakin sensar bai nitse cikin ruwan da ke gudana ba, agogo zai riƙa makara, ya nuna sanyi lokacin da inji ya riga ya ɗau zafi. Haka kuma sensa mai waya ɗaya ta jikin inji wutarta take komawa batir, saboda haka naɗe zarenta da farin tef na masu aikin famfo har ya yi kauri yana iya yanke wannan hanya, allura ta kwanta ko ta riƙa rawa. Wurin da ya dace da sensar ruwa shi ne mafitar ruwa daga saman inji, kafin tamastat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, ba a kan tiyon ƙasa na lagireto ba, inda ruwa ya riga ya huce.

Akwai kurakurai biyu da nake so mai mota ya sa ido a kansu da kansa. Injin da ke da birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, yakan zo da sensar ruwa biyu: mai waya biyu wadda birenbos ke amfani da ita wajen auna mai, da mai waya ɗaya ta agogo. Kada a cire ta birenbos don a samu ramin ɗaura ta agogo, kuma kada a raba wayarta gida biyu, domin injin zai shiga shan mai da wuyar tashi ba a san dalili ba. Na biyu ya shafi baƙin mai. Abin da ke kunna fitila makunni ne kawai, ko a buɗe ko a rufe, shi kuwa agogo mai allura sensa yake bukata, wadda yawanci ta fi girma. Idan aka jona wayar agogo a makunnin fitila, wuta za ta bi ta kai tsaye a duk lokacin da aka murɗa makulli inji bai tashi ba, allura ta buga ƙarshe, kuma agogon yana iya ƙonewa.

Inda hanya ta farko take gazawa shi ne agogon juyin inji. A injin fetur, wannan agogo yana ƙirga tartsatsin kwayil ne: inji mai silinda huɗu yana ba da bugu biyu a kowane juyi, mai shida uku, mai takwas huɗu. Saboda haka wanda ya cire 1FZ-FE mai silinda shida daga Land Cruiser ya saka inji mai silinda takwas da kwayil ɗaya zai ga agogo yana nuna 4000 lokacin da injin ke juyi 3000, wanda kuma ya koma daga shida zuwa huɗu zai ga 2000 a maimakon 3000. Idan sauyin daga fetur ne zuwa dizal, kamar cire 1FZ-FE a saka 1HZ, ko cire 3RZ-FE daga Hilux a saka 5L, matsalar ta fi haka, domin dizal ba shi da kwayil ko fulogi, babu tartsatsin da za a ƙirga. Sai dai a ɗauko alamar daga sensar da ke jikin famfon injekta, in famfon ya zo da ita, ko daga altaneta ta wata waya da ake yi wa alamar W, ko kuma a kafa sensar maganaɗisu kusa da haƙoran filawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a bayan inji. Duk cikinsu babu wadda agogon fetur zai karanta daidai sai an sa na'urar fassara a tsakani. Ta altaneta ita ce mafi sauƙin samu, amma lissafinta ya dogara da girman fuli, kuma duk lokacin da fanbel ya yi sako-sako allura za ta ragu.

Hanya ta biyu ita ce a kawo dashbod ɗin motar da aka ciro injin, tare da wayarinta. Wannan tana yiwuwa ne idan an sayi rabin mota, wato gaban da aka yanke da inji da birenbos da wayarin da agoguna duka a haɗe. Idan motocin biyu 'yan gida ɗaya ne, misali Land Cruiser 80 ta fetur da 'yar'uwarta ta dizal, babu hanyar da ta kai wannan kyau. Allon yana zama a gurbinsa, agogon juyi yana da jan layin iyakar juyi da ya dace da dizal, kuma ana samun fitilu biyu da allon fetur ba shi da su: ta hita mai ɗumama inji kafin a tayar da shi, da ta ruwa a cikin filtar mai. Wannan ta biyun ba ado ba ce ga motar da ke shan gas na jarka a ƙauyukan da babu gidan mai, domin ruwa a cikin gas yana lalata famfon injekta, kuma fitilar ce kaɗai ke sanar da direba cewa lokacin zubar da shi ya yi.

Sai dai tsadarta da wahalarta sun fi na kowace. Ko a cikin gida ɗaya, soket ɗin bayan allo yakan bambanta daga shekara zuwa shekara da kuma daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka dole mai wayarin ya zauna da taswirar wayarin motocin biyu ya bi waya ɗaya bayan ɗaya. Rabin motar da ta fito daga Japan sitiyarinta a dama yake, wayarinta ba za ta kai inda ake bukata a motarmu mai tuƙin hagu ba sai an ƙara mata tsawo. Wasu tsofaffin Land Cruiser na dizal kuma da volt 24 suke aiki, allonsu ba zai yi aiki daidai a mota mai volt 12 ba, kuma akasin haka yana ƙone agoguna. Sannan agogon man tanki na sabon allo yana iya saɓa wa sensar tankinka, adadin kilomitan da ke kan maleji kuma ya zama na wata mota, abin da ya wajaba a gaya wa mai saye ranar da za a sayar. Idan motocin ba 'yan gida ɗaya ba ne, ban ga dalilin yanke dashbod don cusa allon da ba nasa ba. Hanyar daji za ta girgiza shi har ya saki.

Hanya ta uku ita ce a ƙyale tsofaffin agoguna a kafa sababbi masu zaman kansu, irin masu faɗin milimita 52 da kamfanoni kamar VDO ke yi, kowanne da sensarsa a cikin kwalinsa. Fa'idarta a fili take: babu batun ko agogo ya dace da sensa, kuma suna nuna lamba. Wannan lamba tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin agogunan tamfareca na kamfani da yawa an tsara su ne allura ta tsaya a tsakiya a kan faffaɗan zangon zafi don kada direba ya riƙa firgita, sai zafi ya yi nisa sannan ta tashi da sauri. Direban da ke hawan tudun rairayi da kaya yana bukatar ya ga bambanci tsakanin digiri 88 da 98 tun da wuri, ya sassauta ƙafa, musamman in injin irin 1KZ-TE ne wanda aka san saman injinsa na alminiyom yana tsagewa idan ya sha zafi.

A nan ma akwai zaɓi tsakanin na lantarki da wanda ba ya bukatar wuta. Agogon tamfareca mai siririn bututu yana aiki ko da batir ya mutu, kuma yana ci gaba da nuna zafi bayan an kashe inji, amma bututun ba ya gyaruwa idan ya karye, kuma jijjiga tana cin sa a wurin da ya ratsa bangon da ke tsakanin inji da direba in ba a sa masa roba ba. Agogon baƙin mai irin wannan kuwa yana shigo da mai mai zafi har gaban direba ta cikin tiyo. Ban yarda da siririn tiyon roba da ke zuwa a cikin masu arha ba. Idan ya fashe a daji, inji zai zubar da mansa cikin ɗan lokaci. Ga motar daji na fi son na lantarki mai inganci, da fiyus nasa, da wayar da aka ɗaure nesa da salansa. Aibin wannan hanya shi ne kasuwa cike take da jabu masu ƙyalƙyali waɗanda ba a iya karanta su da rana tsaka, sannan barin matattun allurai a dashbod yana rage darajar mota, yana kuma rikita direban da aka ba aron ta.

Hanya ta huɗu ta na'urori ce, kuma ita ta fi shafar sababbin motoci. Ƙaramin akwatin fassara, irin wanda Dakota Digital da wasu kamfanoni ke yi, yana karɓar bugun altaneta ko na birenbos ya mayar da shi adadin da tsohon agogon juyi ya saba da shi, kuma akwai makamancinsa na gyaran maleji. Wannan ƙari ne mai kyau a kan hanya ta farko, muddin aka ɓoye shi a cikin mota inda ruwa da ƙura ba sa kaiwa. Amma a yawancin motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000, allon ba ya da waya ta kai tsaye zuwa sensar ruwa. Birenbos ne yake karantawa ya aika wa allo saƙo ta layin sadarwa, galibi wanda ake kira CAN, da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. Wanda ya gaji da injin irin wannan mota ya cire shi da birenbos ɗinsa, ya saka tsohon dizal mai famfon da ba ya bukatar kwamfuta, ya cire bakin da ke magana da allon ne gaba ɗaya, kuma babu sensar da zai ɗaura ta farfaɗo da tamfareca ko agogon juyi. Ko dai ya nemi na'urar da ke ƙirƙirar waɗannan saƙonni, wadda samunta da saita ta ba kowane gari ake iyawa ba, ko ya koma hanya ta uku. A ɗaya gefen, wanda ya saka sabon inji irin 1KD-FTV ko 1GD-FTV a tsohuwar mota yana iya karanta zafi da juyi ta soket ɗin OBD, inda ake jona na'urar binciken inji, a ƙaramin allo ko a waya. Wannan yana da amfani wajen bincike, amma ban ɗauki wayar hannu a matsayin agogon tafiya ba: rana tana zafafa ta har ta kashe kanta, kuma ba a kallon ta lokacin da hannu biyu ke kan sitiyari. Injin 1HZ kuwa, da ya fito a 1990 da famfonsa na ƙarfe zalla, ba shi da birenbos ɗin da za a tambaya.

Idan aka ɗora hanyoyin a kan sikeli, shawarata ta bi irin motar. Tsohuwar mota da aka saka wa inji mai silinda daidai da na da, fetur zuwa fetur ko dizal zuwa dizal, hanya ta farko ta wadatar da ita. Fetur zuwa dizal a cikin gida ɗaya, in an samu rabin mota kuma akwai mai wayarin da ke karanta taswira, hanya ta biyu ta cancanci kuɗinta. In ba haka ba, a bi ta farko, a ƙara fitilar hita da ta ruwan filta daban. Sabuwar mota da aka raba da birenbos ɗinta, hanya ta uku ce mafita mai tabbas. A kowane hali, idan kuɗi bai isa a yi komai lokaci ɗaya ba, tamfareca da baƙin mai ne farko, sai fitilar caji, agogon juyi kuwa zai iya jira, domin ƙwararren direba yana jin juyin injinsa da kunne amma ba ya jin zafin ruwa. Fitilar caji ma ba abar rainawa ba ce: a injinan da bel ɗaya ke juya altaneta da famfon ruwa, kamawarta a kan hanya ita ce alamar farko cewa bel ya tsinke.

Abu ɗaya nake ƙarawa a kan kowace hanya, kuma da asara na koye shi. Mun taɓa dawowa daga gona da yamma a wata tsohuwar a-kori-kura da aka sauya wa inji, tiyon ƙasa ya tsage ba mu sani ba. Allurar tamfareca ta ɗan tashi, sannan ta sauko ƙasa da inda ta saba tsayawa, direba har ya ce iskar yamma ce ta sanyaya injin. Warin ƙonewa ne ya tsayar da mu, kuma gasket ya riga ya tafi. Sensar ba ta lalace ba. Ruwan da take aunawa ne ya ƙare, ta koma tana auna tururi da iska. Wannan makanta tana tare da duk sensar da ke cikin ruwa, ta kamfani ce ko ta saye. Maganinta shi ne ƙaramar ƙararrawa mai kuka idan ruwa ya ragu, ko sensar da ake ɗaurawa ƙarƙashin noti a jikin saman inji, wadda ke auna zafin ƙarfen kansa.

Kowace hanya aka zaɓa, kada a karɓi motar sai an gwada. Gwajin tamfareca ba ya bukatar komai sai tukunya, risho da ma'aunin zafi. A ciro sensar, a bar wayarta a jone, a ɗaura wata waya daga jikinta zuwa jikin inji, a nitsar da bakinta kaɗai cikin ruwa, a murɗa makulli, sannan a riƙa ɗumama ruwan ana kallon allura: a lura da inda ta tsaya a digiri 80, da 90, da lokacin da ruwa ya tafasa, a sa ɗigon fenti a kan gilashin a wurin tafasar. Ga baƙin mai, bakanike ya ɗaura agogon gwaji na hannu a ramin sensar ya kwatanta, inji na sanyi da kuma bayan ya yi zafi, a sulo da kuma a juyi 2000. Maleji a gwada shi da GPS na waya a kan miƙaƙƙiyar kwalta. Daga ƙarshe a tabbatar an mayar da kakkaurar wayar da ke haɗa jikin inji da bodi da batir, domin ita ce aka fi mantawa bayan ɗora inji, kuma rashinta yana sa allurar tamfareca ta tashi duk lokacin da aka kunna fitilun gaba. A nemi mai wayarin ya rubuta launin kowace waya da inda ta nufa, da lambar kowace sensa, a ajiye takardar tare da takardun motar.